Yadda ake kamun kifi daga jirgin roba a tsakiyar hunturu, a kogin Green na jihar Utah

Wanda bai taɓa tsayawa a bakin kogin Green da sassafe a watan Janairu ba, yaga ruwa na tururi kamar tukunyar da aka sauke yanzu alhali gashin bakinsa ya daskare, da wuya ya yarda wai akwai masu shiga wannan ruwan neman kifi a irin wannan lokacin. Amma ana shiga, kuma ni dai a wajena duk shekara babu lokacin da ya kaishi daɗi, domin kogin da a lokacin zafi ko wajen ajiye mota baka samu, a hunturu sai ka wuni jirgi biyu ko uku ne kawai suka gifta ka. Sai dai fa abu ne da ake yinsa da tsari, saboda sanyi yana rage saurin komai, kifin ya zama mai nawa, yatsunka su zama masu nawa, rana ce kaɗai take sauri. Duk abinda zan faɗa a nan akan wannan yake tafiya.

Kogin da kansa

Wajen da nake magana shine ƙasan dam ɗin Flaming Gorge a arewa maso gabashin Utah a Amurka, kusa da wani ɗan ƙaramin gari Dutch John wanda asalinsa ma don ma'aikatan dam ɗin aka gina shi. Dam ɗin tsayinsa ya kai mita 153, kuma shine dalilin da yasa kogin baya daskarewa, don ruwan da ake saki daga cikin zurfin tafkin yake fitowa, a hunturu yana nan wajen digiri 4, alhali iskar waje da safe zata iya kai digiri 10 ko 15 ƙasa da sifili. Shi yasa kake ganin tururin nan, ruwan ne yafi iskar ɗumi. An raba kogin sashe uku, A da B da C. Sashen A daga gindin dam zuwa Little Hole ne, wajen da ake fitar da jirgi, kilomita 11, yana ratsa wani kwazazzabo mai jajayen duwatsu, ruwan garai-garai kana ganin kifi a ƙasa kamar a gilashi. A hunturu nan zaka tsaya ɗan uwa, ka bar B da C tukunna. A sashen B akwai wani mugun gangaren ruwa da ake kira Red Creek wanda ko lokacin zafi yana kifar da jirage, kuma in wani abu ya sameka a can taimako yana da nisa. Sashen A kuwa akwai hanyar ƙafa da take bin gefen kogin tun daga dam har Little Hole, ko jirgi ya lalace zaka iya takawa ka fita.

Kifin da ke ciki tirawut ne, wani kifin ruwan sanyi, mafi yawa mai ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigo, sai mai jan layi a gefe.

Kwana biyu kafin tafiya

Abu na farko lasisi. Hukumar kula da namun daji ta Utah ce ke bayarwa, a waya ma zaka siya, kuma ka karanta dokar wannan kogin musamman don ta bambanta da ta sauran wurare: ba'a yarda da koto na gaske ba, ba tana ba gari ba komai, sai ƙugiyar da aka ɗaure ta da zare da gashi tayi kama da ƙwaro, ko kifin roba. Ba'a kamun kifi daga jirgi mai inji a wannan yankin. Kwana a bakin ruwa a sashen A shima babu. Akwai kuma kuɗin shiga da ake biya na ajiye mota tunda wajen yana ƙarƙashin gandun dajin Ashley.

Na biyu ka duba yawan ruwan da ake saki. Dam ɗin yana bada wutar lantarki ne, so ruwan yana hawa yana sauka gwargwadon buƙatar wuta, a hunturu sau da yawa da safe a ƙara, da yamma a sake ƙarawa. Mafi ƙaranci shine kubik fit 800 a sakan ɗaya, in injinan duka suna aiki yakan kai wajen 4,600. Wannan ba ƙaramin bambanci bane, dutsen da ka tsaya a kai da hantsi zai iya nutsewa kafin azahar. Hukumar da ke kula da dam ɗin tana saka jadawalin a intanet, shagunan kayan kamun kifi na Dutch John ma in ka kira zasu gaya maka, kuma a wajensu zaka shirya wanda zai ɗauke maka mota daga dam ya kaita Little Hole. Ka kira tun da wuri don a hunturu ba kullum suke da direba a ƙasa ba.

Na uku yanayi, kuma iska nake dubawa kafin ma in duba sanyi. Ni ƙa'idata in zafin tsakar rana ba zai wuce digiri 5 ƙasa da sifili ba, ko iska zata wuce kilomita 30 a awa, to na fasa, ko da na riga na loda mota. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Iska a cikin kwazazzabon nan tana busowa ta gaba ne sau da yawa da rana, jirgin roba kuma bashi da nauyi, sai kaga kana tuƙi da dukkan ƙarfinka amma baka motsi, ga rana na tafiya. Ka duba hanya ma, daga Salt Lake awa uku da rabi zuwa huɗu ne in hanya lafiya ta cikin Wyoming, in ta Vernal zaka biyo kuwa titin 191 yana hawa tsaunin Uinta da kwanoni masu kaifi, ranar da aka yi dusar ƙanƙara sai mota mai ja da ƙafa huɗu.

Sannan ka gayawa wani a gida inda zaka shiga, inda zaka fita, da ƙarfe nawa zai ji daga gareka, don a cikin kwazazzabon babu sabis. Kada ka tafi kai kaɗai, aƙalla ku biyu.

Sutura, nan ne rabin aikin

Dan Allah duk wani abu na auduga ka barshi a gida, singileti, jins, safa, duka. Auduga in ta jiƙe ko da gumi ne riƙe ruwan take tana zuƙe maka ɗumin jiki. Abinda zai taɓa fatarka ya zama ulu ko yadin roba irin na 'yan wasanni, wando da riga, akansa sai mai laushin nan mai kauri, akansa jaket mai kumbura, daga waje kuma rigar da ruwa da iska basa ratsawa. Daga ƙirji zuwa ƙafa weda zaka saka, wato dogon wandon ruwan nan da yake haɗe da safarsa, kuma lallai ka ɗaure bel ɗinsa tamau a ƙugu. Wannan bel ɗin mutane suna raina shi, amma in ka faɗa ruwa shine yake hana wandon cika da ruwa nan take.

Safa biyu sun isa, siririya da mai kauri ta ulu. Kar kace zaka jera uku ko huɗu, takalmin zai matse, jini ya daina zagayawa, ƙafar tafi saurin mutuwa. Gara ka siyi takalmin da ya fi ƙafarka da lamba ɗaya. Ƙasan takalmin ya zama roba, saboda mai ƙasan ulu dusar ƙanƙara tana manne masa har ka ji kamar akan tubali kake tafiya, mai ƙusoshi kuma zai huda maka ƙasan jirgi.

Hannu shine babbar matsala kuma har yau ban samu maganinta gaba ɗaya ba. Abinda nake yi, siririn safar hannu ta roba irin ta asibiti a ciki don fata kar ta jiƙe, sai ta ulu mai buɗaɗɗen yatsu a kai, sannan manya masu kauri na lokacin tuƙi. Ka tafi da ƙari guda biyu don dole ɗaya ta jiƙe. Ɗan tawul a rataye a ƙirji na goge hannu duk lokacin da ka taɓa kifi, da 'yan fakitin nan masu ɗumi da ake girgizawa, biyu a aljihu. Hular ulu mai rufe kunne, da tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, wanda kuma zai kare maka ido daga ƙugiya.

A saman duk wannan sai rigar kariya, layif jaket, kuma a jiki a ɗaure, ba a ƙarƙashin kujera ba. A wannan sashen doka ce ma. Mu da muka san yadda kwale-kwale ke kifewa da mutane a kogin Neja wajen Kebbi da Neja kusan kowace shekara, akasari babu mai rigar nan a jiki, bai kamata sai an roƙe mu ba. Ka samu mai soso a ciki, banda wadda ake hurawa, kuma ka gwada ta akan duk kayan sanyin tun a gida ka gyara igiyoyinta.

Sai jaka wadda ruwa baya shiga, a cikinta cikakken canjin kaya tun daga safa har hula, bargo, ashana ko laita, tocila ta goshi, da kayan taimakon gaggawa. Wannan jakar ba'a buɗeta sai da larura. Fulas biyu, ɗaya shayi mai siga sosai, ɗaya ruwan ɗumi zalla. Dabino da gyaɗa a aljihu, don abincin da sai an zauna an buɗe ba zaka ci shi ba.

Maganar sallah kuma, azahar da la'asar duk akan ruwa zasu sameka tunda ranar gajeriya ce. Ni alwalata nake yi a masauki kafin in saka kaya in yi ƙoƙarin riƙeta, in ta karye ruwan fulas na biyu yana nan, kuma in share hannu da fuska nan take kafin iska ta buga. Alƙibla daga can arewa maso gabas take, akwai 'yan wurare masu yashi a gefe da zaka iya tsayar da jirgi.

Haɗa jirgi a bakin dam

Jirgin roba mai tsawon ƙafa 13 ko 14 shine daidai, da firam na ƙarfe a kai mai kujerar matuƙi a tsakiya, mai kamu ɗaya a gaba ɗaya a baya, filafilai biyu dogaye da na uku a ɗaure a gefe saboda ko ɗaya zai karye ko ya tafi. Robar jirgi in tasha sanyi tana ƙagewa, musamman ta PVC, so kar ka warware shi da ƙarfi in ya kwana a bayan mota a naɗe, ka bashi iska kaɗan kaɗan ɗaki bayan ɗaki har ya miƙe da kansa.

Ga abinda ya faru dani karon farko: na hura jirgi yayi tauri kamar ganga a wajen ajiye motoci, muka sauke shi, kafin mu gama loda kaya minti goma ya zama laɓo-laɓo, firam ɗin har yana rawa. Na ɗauka ya fashe ne. Ashe na hura shi ne da iskar da ta ɗumama a famfo da cikin mota, da ya taɓa ruwan sanyi iskar ta tsuke. Don haka ka sauke shi a ruwa, ka barshi ya zauna 'yan mintuna, ka watsa masa ruwa a jiki, sannan ka ƙara masa da famfon hannu har ya kai wajen PSI 2.5 a ma'aunin iska, ko in ka danna da babban yatsa ya ɗan lotsa kaɗan kawai. Famfon ya tafi tare da kai a jirgi. Bayan haka ka sake jan duk igiyoyin da suka riƙe firam.

Gangaren da ake sauke jirgi a gindin dam yana da tsayi kuma da safe ƙanƙara ce a kai, don duk tirelar da ta fito daga ruwa tana zubar da ruwa a kansa ya daskare. Ka sauka a ƙafa ka duba kafin ka saka mota, ka tafi da buhun yashi ka watsa, kuma kaima in ka fito da tirelarka ka tsaya a ƙasa ta tsane kafin ka hau, saboda na bayanka.

Anga, wato nauyin da ake jefawa a tsayar da jirgi, yana baya ne a rataye da igiya. Kar ka ƙulla ƙarshen igiyar, in angar ta maƙale a dutse cikin ruwa mai ƙarfi gara igiyar ta zare ta tafi da ta janyo bayan jirgin ƙasa. Wuƙa kuma ta kasance a jikin rigar kariyarka inda hannu ɗaya zai kai. Igiyar tana daskarewa in ta jiƙe har ta ƙi bin ƙafar da take gudu a kai, so lokaci lokaci ka sake ta ka janyo.

Ku shiga ruwa wajen ƙarfe 9 da rabi zuwa 10. Sammako bashi da amfani a hunturu, kifin ma bai tashi ba.

Tuƙi

Matuƙi yana kallon inda ruwa ya nufa, amma baya yake ja, aikinsa rage gudun jirgi ne don masu kamu su samu lokaci. In kaga dutse a gaba ka juya hancin jirgin ya kalli dutsen, ka ja baya a karkace, zaka ga jirgin ya zame gefe ya wuce. Ka fara tun da nisa, jirgi mai mutum uku baya juyawa da wuri. In kuma har kun bugi dutsen a gefe, kowa ya jingina zuwa wajen dutsen, ba nesa dashi ba, in kuka kauce masa ɓangaren da ruwa ke bugowa zai nutse ruwa ya hau. Wannan ka faɗawa mutanenka tun a tudu don jiki da kansa guduwa yake son yi.

Rabin farko na sashen A ruwa ne mai natsuwa da manyan gurabe, gangaren ruwan sun fi yawa a rabi na biyu, cikinsu akwai wanda suke kira Mother-in-Law, wato suruka, mai babban dutse da ruwa ke turawa kansa. Ba manya bane ga wanda ya iya, amma a hunturu ko fallatsi ɗaya ya jiƙa maka hannun riga ka ji a jikinka har yamma, don haka duk gangaren da za'a shiga a naɗe fatsa, kowa ya zauna ya riƙe. In baka taɓa tuƙa irin wannan jirgin ba kar ka fara koyo a Janairu, ka biya ɗan jagora ko ka koya a lokacin zafi tukunna.

Kamun kansa

To nan ne mutane da yawa suke wuni a banza, saboda suna jefa fatsa inda suka saba samun kifi lokacin zafi, a ruwa mai gudu da kumfa. A ruwan digiri 4 kifin baya son kashe ƙarfinsa, yana komawa gurbi mai zurfi inda ruwa ke tafiya kamar tafiyar mutum a hankali ko ƙasa da haka, ko inda ruwa ke juyowa baya a bayan dutse, ko layin da ruwa mai gudu ya haɗu da mai kwanciya. Kuma a tare suke taruwa, in ka kama ɗaya kar ka matsa, akwai goma a wajen. Shi yasa a hunturu jirgin kusan abin hawa ne kawai daga gurbi zuwa gurbi, ka jefa anga a ruwa mai laushi a gefe, ko ka fito ka tsaya a bakin gaɓa, ka yi minti ashirin ko talatin a waje ɗaya.

Sandar fatsa mai tsawon ƙafa 9, lamba 5 ko 6. A ƙarshen zaren sai siririn zare mai kama da ruwa, wanda suke kira 5X ko 6X, don ruwan Green garai yake kuma kifin ya sha ganin ƙugiya. A sama ka maƙala ɗan balo mai yawo akan ruwa wanda shine zai nuna maka an taɓa, nisansa daga ƙugiya ya kai zurfin wajen sau ɗaya da rabi. Ƙasa dashi 'yar dalma ɗaya ko biyu, sannan ƙugiya biyu, tsakaninsu kamar kamu biyu. Ta farko mai kama da ɗan jatan landen nan ƙanana da suke cike a ciyawar ƙasan kogin, launin toka ko ruwan zaitun ko ruwan lemo, lamba 16 ko 18. Ta biyu mai kama da tsutsar wani ƙwaro mai siffar sauro wanda baya cizo, shine kusan kaɗai ƙwaron da yake ƙyanƙyashewa duk hunturu, baƙa ko ja da siririyar waya a naɗe, lamba 20 ko 22. Ƙanƙanta ce da har zaka ce wane kifi ne zai ga wannan, ko ƙwayar shinkafa bata kai ba, amma kifi mai tsawon inci 18 zai ɗauketa. Duk waɗannan ka ɗaure su tun a ɗaki da daddare, saiti huɗu ko biyar, ka naɗe a ɗan soso, don zura zaren 6X a idon ƙugiya lamba 22 da yatsun da basa ji abu ne da zai ci maka kwata na awa.

Ka jefa sama da inda kake zaton kifin yake, ka bar ruwa ya kawo, kuma ka dinga ɗaga zaren kana mayar dashi sama don kar igiyar ruwa ta ja balon ya fi ruwan sauri. In ƙugiyar bata taɓa ƙasa jefi jefi ba to baka kai inda kifin yake ba, ƙara dalma ko ka ɗaga balo kafin kace zaka canza ƙugiya. Cin hunturu bashi da ƙarfi, balon ba zai nutse ba, tsayawa kawai zai yi ko ya ɗan karkata, da kaga haka ɗaga sanda a hankali, in ka fizga siririn zaren zai tsinke.

Tsakanin ƙarfe 11 da 2, musamman ranar da hadari ya rufe kuma babu iska, ka dinga kallon ruwa mai kwanciya a gefe. Zaka ga wasu 'yan zobba suna buɗewa a hankali, wani lokacin ma hancin kifin kawai zaka gani ya fito ya koma. Ƙwarin ne suka taso. Cire balo da dalma ka saka ƙugiya mai yawo a sama, ka zaɓi kifi ɗaya ka jefa masa kamar taku biyu a gabansa. Wallahi ranar farko da naga wani babba ya taso a hankali daga ƙasa ina kallonsa tun daga zurfi har ya buɗe baki, ga dusar ƙanƙara na sauka shiru, na manta ma da ƙafata da ta daina ji.

In kana son manya kuma, akwai ƙugiya babba mai gashi mai kama da ƙaramin kifi, a jefa ta gefen gaɓa daga jirgi yana tafiya, a janyo a hankali ana tsayawa.

Ƙanƙara zata dinga toshe zobban jikin sanda. Kar ka ɓalle ta da ƙarfi, haka ake karya kan sanda, tsoma sandar a ruwa ka girgiza zata narke tunda ruwan yafi iska ɗumi, ko ka shafa man leɓe a zobban tun farko. Amma abin naɗe zaren kar ya taɓa ruwa, in ya jiƙe ya daskare shikenan.

Wani abu da nake roƙo: in kaga waje mara zurfi inda tsakuwa tayi fari tas kamar an share, a zagaye, kar ka taka kuma kar ka jefa anga. Gidan ƙwai ne. Tirawut masu ruwan ƙasan suna zuba ƙwai daga kaka zuwa farkon hunturu kuma ƙwan yana nan cikin tsakuwar har sanyi ya fara raguwa.

Kifin da ka kama in zaka sake shi, to ya zauna cikin koma a cikin ruwa, ka cire ƙugiyar da ɗan hantsaki, wadda dama ka riga ka danne mata ƙayar baya. Jan naman da ke ƙarƙashin kunnensa wanda yake numfashi dashi yana iya daskarewa cikin daƙiƙu a irin wannan iskar, so hoton da za'a ɗaga shi sama ana gyara tsayuwa kashe shi ne ko da ka ganshi ya tafi. Kar ka kama shi da safar ulu, tana kwashe masa santsin jiki. In kuma na miya kake so doka ta bada dama kaɗan, da iyakar adadi da tsawo, ka duba littafin dokar shekarar ka tafi da abin awo.

In wani ya faɗa ruwa

Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska kusan sau 25. Wani masani a jami'ar Manitoba ta Kanada, Gordon Giesbrecht, ya taƙaita abin da 1-10-1: minti ɗaya na farko numfashi zai ƙwace maka, kana haki ba da sonka ba, aikinka a nan kawai ka riƙe baki sama da ruwa har ya lafa. Sannan kana da kamar minti goma da hannu da ƙafa zasu yi maka aiki. Sannan kamar awa ɗaya kafin sanyi ya sumar da kai, in akwai rigar kariya a jikinka kenan. Ka kwanta rigingine ƙafafu suna gaba, kar ka yi ƙoƙarin miƙewa a ruwa mai gudu don ƙafa na iya maƙalewa tsakanin duwatsu ruwa ya danne ka, sai ka kai inda ruwa bai wuce gwiwa ba. Na cikin jirgi su jefa masa jakar igiya ko su miƙa filafili, a kamo shi ta kafaɗun rigar kariya a faɗo dashi ciki, matuƙi kuma kar ya saki tuƙi.

Daga nan sai gaɓa mafi kusa, ba sai an kai Little Hole ba. A cire masa jiƙaƙƙun kaya duka ko yana cewa shi lafiyarsa ƙalau, don kusan kowa haka yake cewa, a goge shi, a saka busassu, bargo, hula, fakitin ɗumi a ƙirji da hammata, shayi mai siga in yana cikin hayyacinsa yana iya haɗiya. Kar a murza masa hannu da ƙafa. In maganarsa ta fara harɗewa, ko yana tangaɗi, ko rawar ɗarin ta tsaya alhali jikinsa sanyi ƙalau, abin ya wuce ku, a kwantar dashi a hankali ɗaya ya nemi inda zai kira 911, lambar gaggawa ta Amurka. Kamun ranar ya ƙare ko da ya warware.

Fita

Ka saka agogo a ranka tun farko. A Disamba da Janairu wajen ƙarfe 5 rana take faɗuwa, a cikin kwazazzabon kuma inuwa tana rufewa tun wajen 3, kuma da ta rufe zaka ji sanyin ya sauko lokaci ɗaya. In ruwa kaɗan ake saki, kilomita 11 ɗin nan ko baka tsaya ba zai ci maka kusan awa uku. Kuskuren da kowa ke yi shine a lalace a gurabun farko kusa da dam don kifi na ci, sai ƙarfe 2 tayi ba'a yi ko kashi ɗaya cikin uku ba, gangaren ruwa kuma duk suna gaba. Ni nakan ce ƙarfe 1 da rabi mu kasance mun wuce rabi, ƙarfe 3 a naɗe fatsa a tuƙa kawai, 4 muna Little Hole.

Da kun iso ɗaya ya je ya tada mota ya kunna hita, makullin dama kun yi magana da direban inda zai ajiye shi. Weda da igiyoyin takalmi a cire su da wuri kafin su daskare a jiki, in sun riga sun ƙage zuba musu sauran ruwan fulas. Jirgin a juye ruwan cikinsa, in da tirela a ɗora shi a hure a ɗan rage masa iska, in naɗewa za'a yi a naɗe sako-sako, a gida a shanya shi ya bushe. Akwai wani ɗan mitsitsin dodon koɗi ɗan asalin New Zealand da ya shiga wannan kogin yana maƙalewa a takalmi, don haka kafin ka shiga wani kogin daban ka wanke takalmin da wedar da buroshi, ka saka su a leda cikin firiza su kwana. A hanyar komawa kuma ka rage gudu daga Little Hole har ka wuce Dutch John, da magariba barewa suna fitowa kan titin sosai.